Saƙon kuskure ba abokin gaba ba ne: darasi daga tsofaffin kwamfutocin IBM

Yawancinmu idan manhaja ta tsaya ta nuna saƙon kuskure, tunaninmu na farko shi ne yadda za mu kawar da shi mu ci gaba da harkarmu. A ganina wannan ɗabi'a tana da haɗari, kuma misalin da ya fi nuna hakan yana cikin wata na'ura da ta girmi yawancin masu riƙe da wayoyin zamani a yau.

A shekarar 1988 kamfanin IBM ya fito da AS/400, kwamfuta matsakaiciya da aka ƙera domin harkokin kasuwanci. Tun 2008 ana kiran tsarinta IBM i, kuma har yanzu bankuna, kamfanonin inshora da manyan ɗakunan ajiyar kaya a ƙasashe da dama suna gudanar da lissafinsu a kai, da tsofaffin manhajoji da aka rubuta da yaren RPG ko COBOL.

A wannan tsari kowane fayil yana da jerin gurabe: ga gurbin lambar abokin ciniki, ga na sunansa, ga na kuɗinsa, kowanne da tsawonsa. Daga wannan jeri na'urar ke fitar da lambar shaida mai harufa 13. Ranar da aka harhaɗa manhaja, wato aka mayar da rubutun mai tsara ta zuwa abin da na'ura ke iya gudanarwa, sai ta ajiye kwafin wannan lamba. Duk sanda za ta buɗe fayil ɗin, sai a gwada lambobin biyu. Idan sun bambanta, aiki ya tsaya da saƙon CPF4131.

A nan ne gaggawa ke yaudarar mutane. Akwai saitin da ake kira LVLCHK, idan aka mayar da shi *NO na'urar ta daina wannan gwaji, manhaja ta tashi, kowa ya koma kujerarsa. To amma a ce an faɗaɗa gurbin suna daga harufa 30 zuwa 40. Tsohuwar manhajar har yanzu a na 30 take yankewa, sai ta ɗauki ragowar sunan a matsayin kuɗi. Idan an yi sa'a, za ta faɗi da kuskuren MCH1202, wanda ke nufin ta tarar da abin da ba lamba ba a gurbin lamba. Idan ba a yi sa'a ba, abin da ta tsinta ya yi kama da lamba, sai ta yi lissafi da shi ta kuma rubuta sakamakon a cikin fayil, ba wanda ya sani sai ranar da asusun wani ya ƙi daidaita.

Gyaran gaskiya bai da wuya. Umarnin DSPFD yana nuna lambar shaidar fayil, DSPPGMREF kuma yana nuna wadda manhaja ta riƙe. Wani lokaci ma fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta buɗe kwafin gwaji saboda jerin ma'ajiyoyin da take nema ya rikice. Idan kuwa da gaske an canza tsarin, sai a nemo duk manhajojin da ke amfani da fayil ɗin a sake harhaɗa su.

Masu kare gajeriyar hanya suna cewa idan sabon gurbi a ƙarshen jeri aka ƙara shi, tsofaffin gurabe ba su motsa ba. Gaskiya ne, sau da yawa hakan na aiki. Sai dai saitin yakan zauna a kashe shekara da shekaru, kuma wanda zai yi canji na gaba bai san an cire mai gadi ba.

Wannan magana ta shafi wayar da ke hannunka. Masu haɗa manhajojin Android da ke amfani da Room wajen ajiyar bayanai sun san cewa shi ma yana riƙe lambar shaidar tsarin ma'ajiya, kuma yana tsayar da manhaja idan tsarin ya canza ba a ɗaga lambar sigar ba. Shi ma yana da gajeriyar hanyarsa: zaɓin da ke goge tsofaffin bayanan mai waya a fara daga farko.

Don haka idan kana koyon haɗa manhaja, ka saba da karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ka nemi hanyar rufe masa baki. Manhajar da ta tsaya ta ɓata maka awa ɗaya ne. Wadda ta ci gaba da aiki da gurɓatattun bayanai kuwa, kuɗin mutane take taɓawa.