Furen Himalaya da ƙariyar da ke bakin ƙofa

Duk wanda ya gama ginin gida a Unguwar Mu'azu, ya zagaye shi da katanga, ya shimfiɗa dutsen daɓe a tsakar gida, abu na gaba da yakan faɗo masa a rai shi ne furanni. A da, sai ya tsaya wajen masu rainon tsirrai a bakin titi ya zaɓi abin da ya gani. Yanzu kuwa waya ce ke zaɓa masa. Hotunan lambunan Ingila da Japan sun cika Instagram, kuma cikin furannin da suka fi ɗaukar ido akwai rododendiron, wani ɗan itace mai fidda fure curi-curi, ja da fari da ruwan hoda. Ana tallan irinsa a intanet, mai sha'awa kuma yana iya turo kuɗi a aiko masa. Asarar kuɗi ce da ruwa, kuma dalilin yana cikin halittar shukar.

Rododendiron dangi ne babba mai jinsi kusan 1,000, mafi yawansu a tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin. Ɗaya daga cikinsu ne furen ƙasar Nepal. Masanin tsirrai Joseph Hooker ya tattaro jinsuna da dama a Sikkim tsakanin 1848 da 1850 ya aika da irinsu Ingila, daga nan attajiran Birtaniya suka shiga gasar shuka su. A duk faɗin Afirka babu inda ya tsiro da kansa.

Abin da yake nema bayyane yake. Yana son ƙasa mai tsami, wadda ma'auninta na pH ke tsakanin 4.5 da 6, mai cike da ruɓaɓɓen ganye, mai riƙe danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Saiwoyinsa sirara ne kamar gashi, suna shimfiɗe kusa da saman ƙasa, don haka da zarar saman ya yi zafi ko ya bushe, shukar ta shiga uku. Yana son inuwa mai ratsin rana da iska mai laima, yawancin jinsunan lambu kuma suna son lokacin sanyi kafin su buɗe fure. Sai a auna wannan da shekarar Kaduna: damina daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sannan wata biyar babu ɗigon ruwa, hunturu ya busar da leɓe da ganye, bazara ta biyo da zafin da ke haura digiri 35. A tsakar gidan da aka daɓe da siminti, ƙasa na ɗaukar zafin rana ta yi ta mayar da shi har dare. Simintin ma yana rage tsamin ƙasar da ke kusa da shi, haka tokar murhu da wasu ke barbaɗa wa shuka da sunan taki. Mai gida zai ga ganye ya koma ruwan ɗorawa, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe. A unguwar da jarkar mai garuwa ke da farashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma batun dabbobi. Ganyensa da furensa na ɗauke da guba, kuma awaki da tumaki na cikin waɗanda ta fi kamawa. A Turkiyya da Nepal har zumar da ƙudan zuma ke haɗawa daga furen takan sa maye da jiri. Gidan da ake ɗaure ragon layya ba wurinsa ba ne.

Wani zai ce ai darbejiya ma baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta, ga ta yau ta zama 'yar gari. Gaskiya ne, kuma ba baƙunta ce matsalar ba. Darbejiya ta baro ƙasa mai dogon rani ta tarar da irinsa a nan. Shukar da ta dace da wuri fiye da kima ma wata fitina ce: jinsin rododendiron da aka shigar Birtaniya a 1763 ya mamaye dazuzzukan Sikotland da Ayaland, ana ta kashe kuɗi wajen tumɓuke shi.

Abin takaici shi ne, furen da ya fi kama da wanda ake sha'awa yana nan tare da mu. Ƙariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda mai siffar kakaki, 'yar asalin yankin Sahel ce, kuma a tsakiyar rani take yin kwalliyarta, lokacin da komai ya yi furu-furu da ƙura. Cikin laƙubban da Turawa ke yi mata har da “azaliyar ƙarya”, azaliya kuwa reshe ce ta dangin rododendiron. Bahaushe dai zai yi murmushi da yadda sunayen suka haɗu. Masu lambu a Tailan sun ɗauke ta sun yi ta aurar da irinta, suka fitar da launuka iri-iri, suna sayar wa duniya. A nan kuwa sau da yawa kallon ciyawar daji ake yi mata. Haka minjirya mai jan fure, da marga da ke zubo fure ruwan ɗorawa, da lalle da ke yin shinge mai ƙamshi: da wuya a gan su a gaban sababbin gidaje.

Ƙariya ba ta rasa nata sharaɗin ba. Ruwan jikinta guba ne, mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya, don haka wurinta tukunya ce a inda yaro da akuya ba za su kai ba. Maƙiyinta a Kaduna shi ne ruwan Agusta, wanda ke ruɓar da gindin idan ya kwanta. A haɗa mata ƙasa da yashi mai yawa, a huda gindin tukunyar, a ɗora ta a kan bulo inda rana ke duka. Idan reshe za a dasa, a bar yankan ya bushe na 'yan kwanaki tukuna. Mai son kumburarren gindin nan kuwa, daga iri zai fara.