Horar da masu sarrafa ƙididdiga da na'ura: lissafin ƙasa aikin ƴan ƙasa ne

Manomin kirki, in ya gama girbi, ba ya kwanciya sai ya ƙirga dammunan da ya zuba a rumbu, ya ƙirga bakunan da za su ci, ya san ko hatsin zai kai shi wata damina ko sai ya nemi ciko. Abin da maigida ke yi a gidansa shi gwamnati ke yi wa ƙasa baki ɗaya, sai dai rumbun ƙasa ya fi ƙarfin ƙirga da yatsu. Shi ya sa batun horar da ma'aikatan da ke sarrafa alƙaluma da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wanda wasu ke ɗauka zancen ƴan biro ne kawai, ya shafi mai noman gero a Tasawa da mai kiwo a Abalak kamar yadda ya shafi minista a Yamai.

Abin da ya sa maganar ta taso

A farkon shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje. Cikin abubuwan da matakin ya taɓa akwai shirin DHS, wanda da taimakonsa Nijar ta yi manyan bincike kan lafiyar iyali da haihuwa a 1992, 1998, 2006 da 2012. Akwai kuma FEWS NET, cibiyar da tun 1985 ke ba da gargaɗin yunwa: ta yi shiru na tsawon watanni kafin ta dawo aiki a tsakiyar shekarar. Ƙasashe da yawa sun farga a lokacin cewa wasu alƙaluman da suke dogara da su, a hannun wasu mabuɗinsu yake. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sun kuma ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ga kuma batun ƙidayar jama'a. Nijar ta ƙirga mutanenta a 1977, aka samu 5.102.990, a 1988, aka samu 7.251.626, a 2001, aka samu 11.060.291, a watan Disamba na 2012 kuma aka samu 17.138.707. A wannan ta huɗun jahar Damagaram ta tashi da 3.539.764, Maraɗi 3.402.094, Tawa 3.328.365, birnin Yamai 1.026.848. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shawarta ita ce a yi ƙidaya duk shekara goma, amma 2022 ta zo ta wuce ba a yi ta biyar ba. Duk shekarar da ta ƙaru a kan tsohuwar ƙidaya, lissafin makarantu, da na allurar rigakafi, da na kason kuɗin gundumomi, yana ƙara jingina a kan kintace. Kintace kuwa sai gwani.

Misali zai nuna nauyin abin. Tsakanin 2001 da 2012 jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari kowace shekara, wato tana ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka. A ɗauki wata ƙaramar hukuma mai mutum 50.000 a 2012. In ƙaruwar ta ci gaba a kan 3,9, bayan shekara 12 za ta kai wajen 79.000. In ta sauko zuwa kashi 3, za ta tsaya wajen 71.000. Tsakani akwai mutum 8.000. In aka ce kowane mutum na cin kilo 200 na hatsi a shekara, bambancin ya kai tan 1.600, wato buhu 16.000 masu kilo ɗari. Wannan a ƙaramar hukuma guda ke nan. Ma'aikacin da ya zaɓi lambar da za a sa wa na'ura, shi ya yanke ko buhunan nan za su zo ko ba za su zo ba.

Mene ne aikin nasu

Jama'a sun san mai ƙidaya, wanda ke zuwa ƙofar gida da takarda ko da ƙaramar na'urar hannu yana tambaya. Ba su san wanda ke karɓar amsoshin ba. Shi ne mai rubuta wa na'ura umurni, kuma aikinsa hawa uku ne.

Na farko shi ne shirya takardar tambaya cikin na'ura. Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita a Afirka ita ce CSPro, wadda ofishin ƙidaya na Amurka ke bayarwa kyauta. Gwani kan saka mata shinge tun farko, ta yadda in mai ƙidaya ya rubuta yarinya ƴar shekara 8 tana da ƴaƴa uku, na'urar za ta ƙi karɓa nan take, a gyara tun yana tsakar gidan. In ba a saka shingen ba, kuskuren zai yi tafiya har Yamai, inda babu mai iya komawa ya tambaya.

Na biyu shi ne tankaɗe da rairaya. A karkara mutane da yawa ba su da takardar haihuwa. In aka tambayi shekarunsu sai su ce talatin, ko arba'in, ko hamsin. Sai a ga lambobin da suka ƙare da sifiri ko biyar sun kumbura, na kusa da su sun rame. Masana sun daɗe da sanin wannan ciwo, suna da ma'aunin gane shi da hanyar daidaita shi. Shi ya sa ma ake ba masu ƙidaya jerin abubuwan tarihi, kamar hawan Seyni Kountché mulki a 1974 ko farin 1984, don su taimaki mutum ya gane shekarunsa. Wanda bai san wannan ba zai karɓi lambobin yadda suka zo, ya ba ma'aikatar ilimi adadin yaran da bai dace da gaskiya ba.

Na uku shi ne auna samfur. Ba kowane bincike ke shiga kowane gida ba. Mai sayen hatsi a kasuwar Maraɗi kan tura hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan ya duba, ya san sauran. Amma ya san dole ya ɗebo daga ƙasa da tsakiya, ba daga baki kaɗai ba. Haka bincike yake. In an tambayi gida ɗaya cikin ɗari a birni, gida ɗaya cikin ɗari biyar a ƙauye, to dole a gaya wa na'ura cewa kowane gidan ƙauye yana tsaye ne a madadin gidaje ɗari biyar. In aka manta da wannan layi guda na umurni, muryar birni za ta danne ta ƙauye har sau biyar, rahoto ya fito yana cewa yawancin jama'a na da famfo da lantarki. Na'urar ba za ta yi gardama ba. Abin da aka ce ta yi shi za ta yi, ta fito da shi cikin kyakkyawan jadawali.

Darasin 2005

Wanda ke shakkar amfanin wannan sana'a ya tuna da 2005. Bayan farin da ɗango na 2004, an ƙiyasta giɓin hatsi a kan wajen tan 223.000, abin da bai kai kashi goma cikin ɗari na bukatar ƙasa ba. Wanda ya dubi wannan lamba kaɗai zai ce abin da sauƙi. Amma farashin gero ya yi ta hawa har buhu ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni cikin damina, kuɗin bisashe ya faɗi, hatsi kuma na bin farashi yana ƙetarawa kudu. Jahar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika wuraren jinyar yara masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta karɓi yara fiye da 60.000 a ƙasar cikin shekarar.

Alƙaluman ba su ɓace ba a lokacin. Akwai ma'aikatar da ke bin farashin kasuwanni, akwai ta gargaɗin gaggawa, akwai rajistar ɗakunan shan magani, akwai cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana bin ruwan sama da amfanin gona. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa su wuri guda a karanta su tare, da wuri. Wannan haɗawa ita ce ainihin abin da ake koya wa mai sarrafa ƙididdiga: ya jera farashin gero, da kuɗin akuya, da nauyin yara, gunduma bayan gunduma, wata bayan wata, ya ga inda layukan suka fara rabuwa tun kafin kuka ya kai fada.

Wace manhaja, wane horo

Manhajojin wannan aiki iri biyu ne. Akwai na saye, irin su SPSS, wadda ta fito a 1968, kamfanin IBM kuma ya saye ta a 2009, da Stata, wadda ta fito a 1985. Suna da sauƙin koyo, ma'aikata da yawa sun saba da su, amma izinin amfani da su kuɗi ne, kuma sau da yawa na wa'adi ne. Akan ga wani shiri na ƙasashen waje ya saya wa ofishi, shirin ya ƙare, izinin ya mutu, aiki ya tsaya ko a koma ga kwafin sata. Akwai kuma na kyauta, irin su R, wadda malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙirƙiro a jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, da kuma Python. Waɗannan sun fi wuyar shiga, domin sai mutum ya rubuta umurni da hannunsa, amma babu mai iya rufe su daga nesa, kuma umurnin da aka rubuta yana nan a ajiye: wanda ya gaji kujera zai buɗe ya ga yadda aka samo kowace lamba, ya sake lissafin, ya kama kuskure in akwai. Ga ƙasa mai ƙarancin kuɗi, wadda kuma ta ɗanɗana takunkumi a 2023, hikima ita ce a riƙe na saye inda aka riga aka saba, a ɗora sababbin ɗalibai a kan na kyauta.

Makarantun ba su rasa ba. Manyan injiniyoyin ƙididdiga na ƙasashe masu magana da Faransanci na fitowa daga ENSEA ta Abijan, da ENSAE ta Dakar, da ISSEA ta Yawunde. Masana yawan jama'a kuma daga IFORD, ita ma a Yawunde. AFRISTAT da ke Bamako, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a 1993, tana daidaita hanyoyin aiki tsakanin ƙasashe. A gida kuma akwai Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, wadda dokar 2004 ta kafa, da jami'ar Abdou Moumouni, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa. Sai dai gurbin shiga manyan makarantun waje kaɗan ne, ta hanyar jarrabawa mai tsanani, waɗanda suka fito kuma ƙungiyoyin duniya da bankuna na jiran su da albashin da gwamnati ba ta iya biya. Ana shuka a gonar gwamnati, ana girbi a ta maƙwabci.

Shi ya sa ake yawan komawa ga gajeren horo na kwana uku ko biyar. Yana da amfaninsa, amma yana da cututtukan da kowa ya sani. Akan aiko wanda ya fi girman muƙami maimakon wanda zai zauna gaban na'ura, saboda kuɗin zama. Akan koyar da misalan da aka kawo daga wata nahiya, ɗalibi ya koma ofis ya tarar da rajistar da ba ta yi kama da su ba. Akan koya danna maɓalli ba tare da an koya dalilin dannawa ba. Wani kuma ya dawo da takardar shaida ya iske babu na'ura a ofishinsa, ko akwai amma babu wuta. Bayan wata uku abin ya bi ruwa.

Abin da ya kamata

Gyaran ba ya bukatar dukiya mai yawa. A zaɓi ɗalibai ta hanyar gwaji, ba ta hanyar muƙami ba, a kuma buɗe ƙofa ga ƴan mata, waɗanda har yanzu ba su da yawa a wannan fanni. A yi koyarwa da alƙaluman Nijar, na kasuwar Ɓalleyara ko na ɗakin shan magani na Mirya, bayan an share sunayen mutane. A shimfiɗa horon cikin watanni, ɗalibi na zuwa yana komawa bakin aikinsa, kuma kada a ba shi shaida sai ya kawo rahoton da ya yi da hannunsa a kan gundumarsa. A kai ajin jahohi, domin alƙaluma a can ake haifar su, a can kuma ya fi sauƙin gane na ƙarya: ma'aikacin gona na Magarya ya fi na babban birni sanin ko lambar da aka rubuta wa wani ƙauye ta yi kama da abin da ido ya gani. A kuma duba albashi da matsayin waɗanda aka horar, don su zauna.

Akwai sharaɗi guda da ya fi duka, shi ne amana. Tsofaffi ba su manta ba da zamanin da ƙirga mutane ke nufin lanho, ƙirga shanu ke nufin jangali, har maigida kan ɓoye ɗa, makiyayi ya kora rabin garke daji. Doka ta hana a bayyana amsar mutum ɗaya ko a yi amfani da ita don haraji, kuma mai sarrafa na'ura shi ne mai tsaron wannan sirri. Dole a koya masa shi tare da lissafi. Haka nan shugabanni su bar lamba ta faɗi abin da ta gani, ko da ba ta yi daɗi ba, gama ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su ma suna da rabonsu. Su ne sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na bankunan hatsi, su ke riƙe da littafin awo, su ke rakiyar mai ƙidaya gida gida. In suka rubuta daidai, suka kuma shawo kan maƙwabta su faɗi gaskiyar yawan iyali da shekarun yara, su yi wa jariri takardar haihuwa da wuri, to aikin gwanin da ke gaban na'ura ya yi rabi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma ba ƙasa masu iya ƙirga ta.