Kasuwa ba ta ajiye rumbu

Tun shekarun 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ya faɗi, bashi kuma ya yi wa ƙasa katutu, Bankin Duniya da asusun FMI suka riƙa ba Nijar magani iri guda: gwamnati ta janye hannunta, a bar kasuwa ta yi halinta. A cikin wannan tsari aka rushe Sonara, kamfanin da ke sayen gujiya tun 1962, aka kuma karɓe cinikin hatsi daga hannun OPVN, aka bar mata ajiyar ko-ta-kwana.

Gaskiya ɗaya ce: ba duka aka yi asara ba. Kamfanonin gwamnati sun sha yanka wa manomi farashin da bai biya guminsa ba, har ya gwammace ya tsallaka iyaka da kayansa cikin dare. Ɗan kasuwar Maraɗi ya fi duk wani ma'aikacin ofis a Yamai sanin inda wake ke araha da inda albasar Galmi ke da daraja. Wannan sani ba a rubuta shi cikin doka.

Sai dai kasuwa na da iyakarta, kuma shekarar 2005 ta nuna ta. Bayan fari da farin dango sun ɓata daminar 2004, farashin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu. Cimaka ba ta ƙare a kasuwanni ba, kuɗin sayenta ne babu a hannun talaka, hatsin kuwa ya bi inda ake biya da tsoka, har cikin Najeriya. Magabata suka tsaya kan sayarwa da rahusa, aka jinkirta rabon kyauta don gudun ɓata kasuwa, alhali cibiyoyin jinyar tamowa na Maraɗi sun cika da yara. Kasuwa ba ta saɓa ƙa'idarta ba: mai kuɗi take ji, ba mai yunwa ba.

Mutanen da sun san haka. Maigida ba ya sayar da hatsin bara sai ya ga na bana ya nuna. Akwai zakkar amfanin gona, akwai gayya, malamai kuma sun hana ɓoye abinci don jiran tsada. Hatta fataucin da ake yabo, kan amana ya ginu. Alhajin Damagaram na aika kaya Kano bisa kalmar baki, ubangida na ba baransa jari ba tare da takarda ba, fatoma na tsaya wa baƙon da ya sauka gidansa. Kasuwa ba ita ta haifi wannan amana ba. Gida da makarantar allo da kunyar idon jama'a suka raine ta, kasuwa cin moriyarta kawai take. Ran da riba ta zama ita kaɗai ce ma'aunin mutum, cinikin kansa zai mutu.

Don haka ba a neman a maido da zamanin da gwamnati ke auna tiya. Abin da ake nema shi ne ta riƙe rumbun ƙasa cike tun da kaka, ma'aikacin da aka danƙa wa makulli ya tsare shi da gaskiya, a kuma buɗe shi kan lokaci ba tare da jiran yardar masu ba da bashi ba. Manyan ƴan kasuwa su ma su tuna manomin da ya sayar da hatsinsa da arha a kaka shi ne zai dawo saye da bazara. In ya karye, babu wanda za a yi ciniki da shi baɗi.