Wa Ke Duba Makullan Gidajen Yanarmu?

Ranar Asabar, 28 ga watan Maris na shekarar 2015, yayin da jama'ar Nijeriya suka jeru a layukan zaɓen shugaban ƙasa, wasu 'yan Dandatsa suka kutsa cikin gidan yanar sadarwar hukumar zaɓe ta INEC, suka kawar da shafinta na farko, suka liƙa nasu saƙon. An yi ta surutu na 'yan kwanaki, daga nan ƙurar sakamakon zaɓe ta binne zancen. To, idan har hukuma irin wannan, da kuɗinta da ma'aikatanta, aka iya taɓa ta a ranar da idon duniya ke kanta, ina ga makarantunmu da ƙananan ma'aikatu da ƙungiyoyi, waɗanda galibinsu ba su da ko mutum guda da aka ɗora wa alhakin tsaron gidan yanarsu?

Sanin kowa ne yadda muke yi. A kafa kwamiti, a ba da kwangila, a yi bikin buɗewa da jawabai, sannan kowa ya kama gabansa. Shekaru su shuɗe babu wanda ya sake leƙa bayan gidan. Alhali a ciki aka tara sunayen ɗalibai, da ranakun haihuwarsu, da lambobin wayarsu, da sakamakon jarrabawa, da shaidar biyan kuɗi. Wannan amana ce, kuma tun daga shekarar 2023 ta zama amanar da doka ta tsaya a kai, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta wannan shekara ta wajabta wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai ya tsare su, ya kuma sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa ɓarnar da ka iya cutar da masu su.

Da na ce a duba, amsar da na saba ji ita ce babu kuɗi. A nawa ganin wannan uzuri ba ya karɓuwa, aƙalla dangane da matakin farko. Akwai wata manhaja mai suna Nikto, wadda Chris Sullo ya fitar a ƙarshen shekarar 2001, kyauta ce, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Aikinta irin na mai gadi ne da ke zagaya gida bayan sallar isha'i yana tura kowace ƙofa da kowace taga. Takan aika wa uwar garken da ke ɗauke da gidan yanar dubban tambayoyi, ta ga ko an mance da wani fayil na gwaji a sarari, ko an bar wata ma'ajiya a buɗe kowa na ganin abin da ke ciki, ko manhajar uwar garken ta tsufa har an san lagonta. An ɗauko sunanta ne daga wani fim ɗin Amurka na shekarar 1951, amma ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a harshen Rashanci kalmar tana nufin "ba kowa", wato dai amsar da ɓarawo ke so maigida ya ba kansa idan ya ji motsi.

Abin da ke korar mutane daga gare ta shi ne ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa. Baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta mata umarni. Na ga masu digiri da dama sun ja da baya a gaban wannan allo kamar sun ga layar da ba su san mai ita ba. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, ina ganin tsoron nan bai wuce tsoron baƙon harshe ba, kuma harshen ƙarami ne ƙwarai, nahawunsa bai kai na ajin farko na sakandare ba. Dukkansa jimlar umarni ce. Mai amfani da babbar manhajar Ubuntu zai rubuta "sudo apt install nikto". Kalma ta farko neman ikon maigida ce, domin ba kowa aka yarje wa ya shigo da sabon kaya ba, shi ya sa kwamfutar za ta nemi kalmar sirri. Ta biyu sunan ma'ajin manhajoji ne da ake aika, ta uku aikatau ce mai ma'anar "girka", ta huɗu kuwa karɓau. Mai Kali Linux ma an hutar da shi, a ciki zai tarar da ita.

Bayan an girka, sai a rubuta "nikto -h" a bi shi da adireshin gidan yanar. In ana son rahoto a ajiye, a ƙara "-o rahoto.html" a ƙarshe. Waɗannan haruffa masu ɗan karan ɗori a gabansu aikin bayanau suke yi, su ke faɗin ina da kuma yaya. Sai dai a kula, kwamfuta ba ta san kara ba. A wurin Nikto ƙaramin "h" na nuna gidan da za a bincika, babban "H" kuwa jerin bayanin taimako zai zubo maka. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, shi da ɗan lanƙwasa guda ke raba masa kare da ƙare, ko daki da ɗaki.

Wahalar gaskiya tana wajen karanta rahoton, kuma a nan nake so mu ɗan dakata. Layuka za su yi ta zubowa, wani ƙorafi ne kan ƙaramin saiti da aka mance, wani kuwa babbar kafa ce, alal misali kwafin rumbun bayanai da magini ya ajiye a inda kowa zai iya kwashewa. Manhajar ba ta san wanne ya fi tayar maka da hankali ba, kuma takan yi ƙararrawar banza, ta ce ta ga abin da babu shi. Dole mutum ya bi kowane layi ya tabbatar da idonsa. Haka kuma shirunta ba shaidar lafiya ba ne. Abin da aka riga aka sani take nema. Ba za ta gane cewa ɗalibi na iya ganin sakamakon ɗan'uwansa ta hanyar sauya lamba guda a adireshi ba. Darasin kamfanin Equifax na Amurka ya isa misali. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata kafa a manhajar Apache Struts, kamfanin ya gudanar da nasa binciken da nasa kayan aikin, binciken bai gano kafar ba, aka saki jiki. Ta nan aka shiga aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147.

Sai kuma gargaɗi ga matasanmu masu zafin hannu. Kada kowa ya auna wannan manhaja kan gidan da ba nasa ba sai da izini, kuma izinin ya kasance a rubuce. Nikto ba ta san sanɗa ba, kowace tambaya da ta aika tana barin sawu a kundin uwar garke. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ta tanadi ɗauri da tara kan kutse, kuma kyakkyawar niyya ba lallai ta fisshe ka ba. A Ingila, cikin shekarar 2005, kotu ta kama wani masanin tsaron kwamfuta da laifi don ya gwada ƙofar gidan yanar da ke karɓar gudummawar waɗanda bala'in igiyar ruwa ta tsunami ya shafa, duk da cewa shi ma gudummawar ya bayar, shakka ce kawai ta kama shi ko gidan na jabu ne. Mai son koyo ya girka OWASP Juice Shop a kan kwamfutarsa, da gangan aka gina shi da kafofi don a yi ta gwaji a kai.

Abin da nake kira gare shi ba mai yawa ba ne. Duk shugaban makaranta ko ma'aikata da zai karɓi gidan yanar daga ɗan kwangila, kada ya sa hannu a biya kuɗin ƙarshe sai an ajiye masa rahoton bincike, tare da bayanin abin da aka yi game da kowane layi. A kuma ɗora wa wani ma'aikaci da sunansa alhakin maimaita binciken kowane wata, da duk lokacin da aka yi wa gidan wani sauyi, a riƙa kwatanta sabon rahoto da na baya. Sassan nazarin kwamfuta na jami'o'inmu cike suke da ɗaliban ajin ƙarshe masu neman aikin da za su yi rubutun kammalawa a kai. A ba su takardar izini, malami ya sa ido, su fara da gidan yanar tsangayarsu.