Bizar Birtaniya: dillali ya ci kuɗi, mai nema ya kwana ciki

Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta daina ɗaukar sabbin ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje. Kafin nan, a Maris na 2024, ta hana su tafiya da iyalansu, kamar yadda ta hana yawancin ɗalibai tun Janairun shekarar. Saboda haka duk dillalin da ke tallata wannan biza yau ga matashi a Najeriya, iska yake sayarwa.

Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 gwamnatin ƙasar ta soke lasisin kamfanonin wannan fanni sama da 470, lamarin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000.

Abin lura shi ne wanda hukunci ke faɗa wa. Idan aka gano takardar bogi, mai nema ake haramta wa shiga: har shekara 10 a Birtaniya, 5 a Kanada. Dillali kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Birtaniya na wallafa sunayen kamfanonin da ke da izinin ɗaukar baƙi, Kanada kuma na masu lasisin ba da shawarar hijira. Dubawa kyauta ce, kuma ta kamata tun kafin iyali su sayar da gona.