Gaishe ku, masu raka ƙungiyar da ba ta ci

Ana sallame sallar asuba suka fara taruwa a tashar Ƙonni. Ganga a kan cinya, kalangu a rataye, jarka biyu ta ruwa, da wata tuta da tela ya harhaɗa da ragowar yadi. Kowa daga aljihunsa ya biya kuɗin mota. Akwai ɗan kabu-kabu da ya jingine babur ɗinsa yini guda, ya kuma san abin da zai rasa. Akwai mai dakon buhun albasa da ya bar wa ƙanensa aikin ranar. Ƙungiyar da za su raka Tawa kuwa, wasa biyar ke nan a jere ba ta ci ko ɗaya ba. Na bi su ran nan, kuma tun da muka dawo nake jin akwai bashin gaisuwa a kaina.

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, mun tarar da samari biyu daga Malbaza suna jira, ƙurar siminti ba ta gama barin takalmansu ba. A Badagishiri mutanen Illela suka shigo, aka ƙara matsawa. Babu wanda ya ce garinsu daban. Waƙa ɗaya aka yi ta rerawa har muka hango Tawa.

An ci mu biyu ba ko ɗaya. Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da yadda aka yi ba, sun fi mu numfashi, sun fi mu takalma. Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bayan ƙwallo ta biyu. Golanmu, yaro ne da bai kai ashirin ba, safar hannunsa ta yage an naɗe ta da salatif, ya durƙusa a bakin raga ya kasa tashi. Mai ganga bai tsaya ba, sai ma ya ƙara wa kiɗan ƙarfi. Da aka tashi, wani dattijo da ya fi kowa shekaru a motarmu ya taka har cikin fili, ya kama kafaɗar yaron.

"Tashi, ɗana. Ba a kuka a garin mutane."

"Baba, ni na kashe ku."

"Kai ka tare guda shida, ina ƙirgawa. Sha ruwa."

Ga irin waɗannan mutane nake jinjina. Bin mai nasara ba wuya, kowa na iyawa. Ka leƙa gidajen kallo na Ƙonni daren da Real Madrid ke karawa da Barcelona, ba ka samun wurin aje ƙafa, kuma yaro zai lissafa maka ƴan wasan Sifen har da na benci, bai san sunan mai tsaron bayan ƙungiyar unguwarsu ba. Ban ga laifin kallon ba, ni ma ina yi. Amma waɗancan ƙungiyoyi ba su san da mu ba, ba kuma za su rushe don mun daina kallo ba. Ta gida kuwa, ranar da motar nan ta daina tashi daga tasha, ranar ta mutu.

Kowa ya san yadda ƙwallon ƙasar nan take. Manyan ƙungiyoyi suna Yamai, da yawansu kuma akwai hukuma a bayansu: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, USGN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, Nigelec ta kamfanin lantarki. Suna da albashi, suna da mota, suna da likita. Ƙungiyar cikin ƙasa ba ta da kowa sai mutanen garinta. Duk da haka, a farkon shekarun 1980 Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram sun ɗauki kofin ƙasa, don haka abin ba gagara ya yi ba. Wanda ya ga ranar da Mena, ƙungiyar ƙasa, ta ci Masar ɗaya ba ko ɗaya a Yamai a watan Oktoba na 2010, da ƙwallon Moussa Maazou, aka kuma je gasar Afirka a 2012 da 2013, ya tuna cewa yawancin ƴan wasan Mena a wani fili mai ƙura suka fara, gaban mutane kaɗan da suka ƙi watsewa. Mu mutanen Adar ba sai an koya mana raka namu ba. A Tawa aka fara kokawar Takobi a 1975, kuma har yau duk jihar da aka kai ta, za ka ji kiɗanmu a bayan ƴan kokawarmu.

To, ƴan'uwa, tunda na yaba, ku bar ni in faɗi sauran.

Dutse biyu sun tashi daga ɓangarenmu zuwa wajen alƙalin wasa. Na gani, kun gani. Ko ya yi kuskure ko bai yi ba, dutse ba ya dawo da ƙwallon da ta shiga, sai dai ya jawo wa ƙungiya tara da ba ta da kuɗin biya, ya kuma sa a tarbe mu da sanda in mun sake zuwa. Manyan cikinku sun san hannun da ya jefa. Ku yi masa magana tun a gida, in ya ƙi ji a bar shi a tasha.

Na biyu ya fi mini ciwo. Ƙungiyar nan ba ranar wasa take faɗuwa ba, tun tsakiyar mako take faɗuwa. Na je atisaye ranar Talata, ƙwallo biyu ce ga mutum ashirin, ɗaya tana sacewa, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu waƙar mota. Ran da ake wasa a gida, wanda ya biya kuɗin mota har Tawa shi ne zai haura katanga don kada ya ba da dala ashirin a ƙofa. Bara mai tsaron bayanmu ya karye a fili, aka kai shi wurin mai ɗori. Mako biyu ana zuwa dubiya, daga nan ƙafa ta ɗauke, mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyarta. Yau yana ɗingishi a kasuwa, ba ya ko son a yi zancen ƙwallo a gabansa. Wace uwa za ta ga haka ta bar nata ɗan ya sa riga?

Iyayenmu mata suna adashi shekara da shekaru ba tare da ofis ba. Ku yi irinsa. A sami littafi, a sami mutum biyu masu amana, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita gaban kowa duk wata. Kashi na farko na wanda ya ji rauni ne, kafin riga, kafin tuta. In littafin ya yi wata shida da tsabta, ku ɗauke shi ku je wurin magajin gari da manyan ƴan kasuwar albasa da na kan iyaka. Mai kuɗi ya fi sakin hannu in ya ga talaka ya riga shi zubawa. Yaran da ke lakwal kuma, a tambayi takardunsu kafin a ba su riga.

Ranar Talata bayan la'asar akwai atisaye. Ku zo da gangar, kowa ya riƙo dala ashirin ɗinsa, in an tashi mu wuce gidan yaron nan da ya karye mu gaishe shi.