Najeriya: Magoya Bayan Kano Pillars Da Dogon Jiran Kofi

Rabon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars da kofin gasar rukuni-rukuni ta Najeriya tun shekarar 2014. Kafin nan ta ɗauke shi a 2008, 2012 da 2013, har ma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Daga 2015 zuwa 2025 kuwa, wasu ƙungiyoyin ne suka yi ta ɗauka, in ban da kofin ƙalubale da ta ci a 2019.

Duk da haka magoya bayanta ba su daina kirarin "Sai Masu Gida" ba, ko da ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kafin ta dawo a 2023. Ɗan kasuwa ya san darajar abokin cinikin da ba ya sauya rumfa don kaya sun yanke. Irin wannan jarin ne Pillars ke da shi.

Sai dai ƙauna in ta rikiɗe ta zama fushi, ƙungiyar ce ke asara. A kakar 2022, hargitsi a filin wasa ya jawo mata tara, da rage maki, da buga wasannin gida a wani gari, kuma a kakar ce ta faɗi.

Enugu Rangers ta jira shekara 32, daga 1984 zuwa 2016, sannan ta ƙara ɗauka a 2024. Masu Gida ma na iya dawowa, muddin 'yan kallo suka bar jifa, gwamnatin Kano mai ƙungiyar kuma ta riƙe 'yan wasanta da kyau.